Minti Goma Sha Ɗaya

Kowace safiya a Punta Arenas
nakan danna maɓallin kwamfuta, in juya mata baya.
Na san halinta. Minti goma sha ɗaya
take yi tana miƙa, fankarta na nishi
kamar tsohuwar da aka tasa ba ta gama mafarki ba.
Ni kuwa in ɗora buta,
in tsaya a taga da rigar barci,
in ƙirga jiragen da suka kwana a mashigin teku.

Ran Lahadi Ximena ta zo, 'yar ƙanwata,
da burodi a hannu, iska ta hargitsa mata gashi.
Ta ga abin da nake jira, ta riƙe baki.
"Kawu Baldomero, ba tsufa ke damunta ba,
baƙi ne suka yi mata yawa."

Ta danna maɓallai uku a tare,
sai ga wani jeri
da ban taɓa sanin yana cikin gidana ba:
sunaye ashirin da uku,
duk 'yan gayyar soɗi,
su riga mai gida tashi, su riga shi wanke hannu.

Ga manhajar firintar da na ba maƙwabci
shekara huɗu ke nan;
har yau tana tashi ta laluba tebur, ta nemi takarda.
Ga wata mai sabunta kanta kullum,
ba ta taɓa zama sabuwa ba.
Ga mai tallan tikitin jirgi
zuwa garuruwan da ba ni da kowa.
Ga masu gadi biyu, kowanne na kiran ɗan'uwansa ɓarawo.

"Ba korarsu za mu yi ba," in ji ta.
"Suna nan a ɗakunansu. Sai dai daga yau
wanda ba a kira ba ya ci gaba da barcinsa."
Ta miƙo min linzami.
Na kashe. Na kashe. Na kashe.
Wanda ba mu gane sunansa ba ta ce a bar shi,
kada garin neman gira a rasa ido.

Can ƙasa, na goma sha tara,
ɗan ƙaramin abu mai shuɗiyar tuta.
Nélida ce ta sa shi, lokacin ina aikin awo a tasha,
ya riƙa faɗa mata ƙarfin iska
kafin ta yanke ko zan fita da babbar kwat.
"Ba shi da nauyi," in ji Ximena, ba ta dube ni ba.
"Amma inda yake tambaya an rufe tuni. Ba mai amsa masa."
Na ce na sani.
Ban sani ba.
Na kashe shi, don kada yarinya ta ga hannuna ya tsaya.

Litinin na danna maɓalli, na juya baya.
Ban kai ga ashana ba
na ji ta yi sallama. Daƙiƙa arba'in.
Allo fes, ba mai tari, ba mai talla.
Buta ko ɗumi ba ta yi ba.
Jiragen suna can, ba wanda ya ƙirga su.

Na zauna. Ba wasiƙar da ke jirana.
An dawo min da canjin minti goma,
na rasa aljihun da zan zuba.

Na nemi maɓallan nan uku, sau biyu ina kuskure,
na gangara zuwa na goma sha tara,
na mayar masa da izininsa.
Yanzu yakan tashi tare da ni, ya leƙa waje,
ya rubuta a kusurwa: babu labari.
Sauran su yi ta barci.

Na koma tagata.
Yau bakwai ne, ɗaya ja, yana juya hanci arewa,
iskar kuwa ta babbar kwat ce.